Jan Maɓallin Mothusi

Ni dai tun ranar farko na ce musu wauta ce. A gaban idonsu na faɗa, don ni Dimakatso, da yara ke kira Sisi Dima, wato Yaya Dima, ba ni da ƙumbiya-ƙumbiya, kuma na kwana biyu a wannan sana'a. Aikina daidaita sauti. Ni ce matar nan da ke zama can baya a gidan rawa, gaban tebur mai maɓallai, wadda ba a tunawa da ita sai lasifika ta yi ƙara.

A wani ɗan gidan rawa na unguwar Braamfontein na fara riƙe musu sauti. Su biyu ne, suna kiran kansu Amazolo, wato raɓa. Nokwanda 'yar Diepkloof ce, doguwa, magana sai an ciro ta daga bakinta. Celo take kaɗawa, babban gogen nan na Turawa da ake kafawa tsakanin gwiwoyi. A zauren coci ta koya tun tana ƙarama, ta kai har an ɗauke ta a babbar ƙungiyar makaɗa ta gari, sai ta gaji da kiɗan mutanen da suka daɗe da mutuwa ta fito. Mothusi kuwa ɗan Tembisa ne, gajere, bakinsa ba ya hutawa. A shagon gyaran rediyo na babansa ya tashi, kuma da hannunsa ya haɗa na'urar da yake kiɗa da ita, cikin wani akwatin ƙarfe irin na kayan makaniki.

Ga yadda suke yi. Nokwanda za ta ja baka a kan tsirkiya ta fitar da 'yar gajeriyar murya. Mothusi ya cafke ta da akwatinsa, akwatin ya yi ta maimaita ta. Ta ɗora wata a kai, ya sake cafkewa. Ta ƙwanƙwasa jikin gogen da yatsa, ya mayar da ƙwanƙwasar ganga. Ya ja wannan, ya lanƙwasa wancan, kafin ka ankara goge ɗaya ya cika ɗaki, ga bugu a ƙasa yana taɓa maka ƙirji. Na ga ƙatti 'yan tasi sun shigo neman giya sun tsaya da kwalba a hannu sun manta da ita.

Idan kiɗa ya kai ƙarshe, alamarsu ɗaya ce. Nokwanda za ta kwantar da bakan a kan gwiwoyinta. Tana kwantarwa, Mothusi zai danna wani jan maɓalli, komai ya goge, ɗaki ya yi tsit. Sai ya ce, "A sauka lafiya." Ita kuma ta amsa, "A gaida gida." Daga nan ake tafi.

Kuma idan na ce ya goge, ya goge ke nan. Yaron nan da gangan ya ƙera akwatin ba ya ajiya, ba ya dawo da abin da aka share. A bakin ƙofa kuma akwai kwando, duk mai shiga sai ya jefa wayarsa a ciki.

"Kai Mothusi," na ce masa bayan wasan farko, ina naɗe wayoyin lasifika, "wane irin aikin banza ne wannan? Ku yi abu mai kyau haka ku zubar?"

"Sisi Dima, ai ba zubarwa muka yi ba, sallama muka yi. Baƙo raɓa ne. Kin taɓa ganin an ɗaure baƙo a ɗaki don ya yi daɗin hira?"

"Na ga an ɗauki hotonsa."

"Hoto! Ke kin tsufa a cikin injuna, shi ya sa. Duk abin da ya wuce ta gabanki sai kin cusa shi a kwalba."

"Uwarka ce ta tsufa. Nokwanda, ke ma haka kika yarda?"

Ta yi murmushi tana goge tsirkiya da ƙyalle. "Sisi, na yi shekaru ina maimaita abin da aka ajiye. Na gaji da shi. Gobe ma akwai wani."

Gobe ma akwai wani. Maganar yara ke nan masu lafiyar jiki.

Abin haushi, wautar tasu ita ta ɗaga su. Tunda ba a samun kiɗansu a waya, dole mutum ya zo da ƙafarsa. Layi ya fara kaiwa kwanar titi. Daga Braamfontein aka kira su Melville, aka kira su Pitoriya, masu rubutu a jarida suka fara zuwa suna tsara musu kirari da dogon Turanci. Wani kamfanin faifai daga ƙasar waje ya yi ta aiko da saƙo, Mothusi yana karanta mana yana kwaikwayon muryar Bature, mu yi ta dariya. Duk inda za su, da ni ake tafiya, don ni kaɗai na san yadda ake saka wa gogen nan makirfo ba tare da ya yi gunji ba. Ina zaginsu, ina son su, ba zan ɓoye ba.

Cikin sanyin Yuni, lokacin hunturun ƙasarmu, na fara jin wani abu ya canja. Nokwanda ta daina kiɗan nan masu gudu, ta koma jan dogayen muryoyi, Mothusi yana cike gurbin da bugu. Jama'a suka ce salo ne sabo. Ni kuwa na ga ba ta taka tsirkiya sai da yatsu biyu.

Wata safiya ta zo gidana a Troyeville, inda na mai da garejin baya ɗakin ɗaukar sauti. Ta zo da magwinya, wato fanke irin namu, masu zafi a leda, muka zauna a rana a bakin garejin muna ci da shayi. Ba ta yi dogon gabatarwa ba. Ta buɗe hannun hagu ta nuna min, yatsu biyar lafiya lau. Ta ɗauki kofi, ta ɓalle maɓallin rigar sanyinta ta mayar. Sannan ta fito da gogen, ta ɗora hannun a wuyansa. Ina kallo ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka naɗe cikin tafin hannu, a hankali, kamar ganyen da aka sa kusa da wuta.

"Yana ciwo?"

"Ko kaɗan. Da ma yana ciwo, Sisi, da na san inda zan shafa magani."

"Likita fa?"

"Ya ce ba a hannun abin yake ba, a kai yake. Wai ƙwaƙwalwa ce ta rikita yatsun saboda yawan maimaici. Wasu sukan warke, da yawa ba sa warkewa. Na tsakiya ma ya fara."

Na tura mata ledar gabanta. Sai na ce ta ci magwinyarta kafin ta huce.

"Ina so ki ɗauki kiɗana," ta ce. "Ko kiɗa ɗaya ne. Ba don kamfanin can ba. Jiya na kwanta ina neman yadda nake kaɗawa a da, na kasa jin sa a kaina. Babu shi a ko'ina, Sisi. Nan gaba idan na ce wa wani na taɓa iyawa, da me zan nuna?"

Na so in ce ai na gaya muku. Maganar ta zo har bakina na haɗiye ta da shayi.

Mothusi ne ya ba mu wahala. Ya zo da rana yana zagaye tsakar gida yana ɗaga hannu, wai sun yi wa jama'a alkawari, wai hannun zai sake, wai gajiya ce kawai. Na bar shi ya gama.

"Kai ɗan gyaran rediyo," na ce, "akwatinka in ya lalace ka san inda za ka sayo kayansa. Ita a wace kasuwa za ta sayo yatsa?"

Ya tsaya. Ya dubi Nokwanda. "Kwanda, da gaske haka kike so?"

"Haka nake so."

"To shi ke nan," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma ba da wasa ba. In za a ɗauka, a ɗauka da kyau."

Muka fara. Kai, ban taɓa shan wuyar aiki irin wannan ba. Da zarar na ce na kunna, hannun sai ya ƙulle tun kafin baka ya taɓa tsirkiya. Na daina faɗa, na riƙa kunnawa a ɓoye, amma yarinyar ta san ƙarar kujerata. Na rufe jar fitilar da ke nuna ana ɗauka da ƙyalle. Na juya mata baya. Muka gwada da safe, muka gwada bayan ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi. Abin da muke samu muryoyi ne guntu-guntu, masu karkata, irin na ɗan koyo. Duk wanda na kunna mata sai ta ce, "Goge shi. Wannan ba ni ba ce." Na ce a bar shi ko don tarihi, ta tsaya a kaina sai da ta ga na share. Wasanni kuwa duk an soke su, Mothusi yana ta yi wa masu gidajen rawa ƙaryar mura.

Har sanyi ya wuce, itatuwan titinmu suka fara zubar da furanninsu masu ruwan shuni. Ran nan ta shigo ta jingina gogen ta ce, "Yau ce ta ƙarshe. Likita ya ce in ajiye shi gaba ɗaya, in daina ko taɓawa, ko Allah zai sa kan ya manta da rikicin. Bai ce zuwa yaushe ba. Na kuma ga fuskarsa lokacin da yake faɗa."

Babu wanda ya yi musu. Na daidaita makirfo, Mothusi ya jona akwatinsa da teburina, muka ajiye wayoyinmu a kicin kamar kullum, don suna sa wa makirfo tsuwa. Na zauna ke nan zan kunna, sai ɗif, aka ɗauke wuta.

"Allah ya isa!" na ce. "Ba yanzu suka ce za su ɗauke ba!"

Ina da janareta, amma in na tayar da shi har maƙwabta sai sun rufe taga, balle makirfo. Batirin ajiyata kuwa ɓarayi sun yi gaba da shi tun bara. Garejin ba shi da taga, sai na buɗe ƙofa kaɗan don haske ya shigo. Muka zauna jiran masu wuta. Akwatin Mothusi kaɗai ke da rai a ɗakin, don da batir yake aiki, yana kuma da 'yar lasifikarsa a jiki.

Mothusi ya fara ba mu labarin wani fasto a Tembisa da ya kawo wa babansa amfilifaya wai aljani ya shiga, ashe ɓera ne ya haihu a ciki. Nokwanda ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. Tana dariyar tana jan baka a kan tsirkiya haka kawai, don hannu ya samu abin yi. Ba wanda ke ɗauka, ba abin da za a ɓata. Sai na ji murya ta fito daga ƙasa, mai kauri, ta hau, ta sake hawa, ta yi wani gudu da na san yatsu biyu ba sa yin sa.

Na dubi hannunta a ɗan hasken ƙofa. Yatsun nan huɗu a buɗe, suna tafiya.

Ban motsa ba, ko numfashi da kyar nake yi. Mothusi bai daina labarin ɓera ba, wayon yaron ke nan, amma na ga hannunsa ya lallaɓa kan akwatin. Ya cafke. Muryar ta dawo ta cikin 'yar lasifikar. Nokwanda ta ji, ta rufe ido, ta ɗora wata a kai. Labarin ya mutu a bakinsa. Ta ɗora ta uku, siririya, can sama, ta ƙwanƙwasa jikin gogen, ya mayar da shi bugu mai nauyi a hankali. Na yi shekaru ina jin su, wallahi ban taɓa jin irin na ranar ba. Babu gwaninta a ciki, babu nuna iyawa. Kiɗan mutum ne da ke ban kwana da abin da yake so, kuma ya san ban kwana yake yi. Na yi kuka, ni da ko a jana'izar mijina sai da aka yi gulmar bushewar idona.

Can sai yatsun suka naɗe. Ta tsaya. Amma kiɗan bai tsaya ba, yana ta zagayawa a cikin akwatin, cikakke.

"Yana ciki?" ta tambaya da raɗa.

"Yana ciki, Kwanda. Duk yana ciki."

Na miƙe. "Bari in ɗauko waya a kicin mu ɗauka ko ta lasifikar nan ne."

"Haba Sisi," in ji Mothusi. "Wannan za ki wulaƙanta da waya? Batir cike yake, zai kai dare. Ga shi a jone da teburinki. Wuta na dawowa ki ɗauke shi tsaf, yadda ya dace da shi."

Na dubi Nokwanda. Ta ce, "A jira wutar, Sisi. Sau ɗaya ne, a yi shi da kyau."

Muka jira. Kiɗan yana zagayawa, muna zaune a duhu muna sauraro. Mothusi yana tsaye a kan akwatin, hannunsa a inda yake zama kullum, yana ɗan gyaɗa kai. Nokwanda tana rungume da gogen, bakan yana hannunta na dama a ɗage, ba ta sauke ba. Na lura da hakan, amma ban kawo komai a raina ba. Hadari ya haɗu a waje, aka yi tsawa, ruwa bai sauka ba.

Sai fitilu suka kama gaba ɗaya. Firij ya yi gurnani daga kicin, wani yaro a titi ya yi ihun an kawo wuta. Na danna kwamfuta, ta fara tashi da nawarta ta tsofaffi.

"Yawwa!" na ce. "Yanzun nan, 'yan albarka, yanzun nan."

Nokwanda ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Hawaye suka zubo mata, ta nemi hannun da za ta share fuska. Sai ta kwantar da bakan a kan gwiwoyinta.

Na ji ɗan ƙas na maɓalli. Ɗaki ya yi tsit.

Sabo turken wawa, in ji masu magana. Yaron nan bai yi niyya ba, bai ma san ya yi ba. Idonsa ya ga baka a kan gwiwa, yatsansa ya yi abin da ya saba yi a ƙarshen kowane kiɗa tun ranar da suka fara. Har bakinsa ya buɗe ya ce, "A sau—" sannan ya ji shirun.

Ya dubi yatsansa. Ya dubi jan maɓallin. "A'a," ya ce. "A'a, a'a, a'a." Ya danna wannan, ya murɗa wancan, ya kashe ya kunna. Ya zaro sukundireba daga aljihu ya fara kwance murfin, sukurori na faɗuwa ƙasa.

"Mothusi, bari," na ce. "Kai ka ƙera shi. Ka san babu."

"Wataƙila akwai saura a wani wuri, Sisi, wataƙila..."

"Ka san babu."

Ya zame ya zauna a ƙasa, akwatin a buɗe a cinyarsa.

Kwamfutar ta gama tashi a lokacin, ga ta nan tana haske kamar ba ita ta yi nawa ba. Na danna ɗauka ban gaya wa kowa ba. Na ce, "Nokwanda, ƙanwata, hannun bai daɗe da buɗewa ba. Sake gwadawa. Ga fitila na kashe, mu koma yadda muke."

Na kashe fitilun, na bar ƙofa yadda take. Ta ɗauki bakan. Ta kai hannun hagu wuyan gogen, tun bai taɓa tsirkiya ba yatsu uku suka naɗe. Ta buɗe su da ɗaya hannun, ta mayar, suka sake naɗewa. Ta yi haka har na daina kallo. Ko murya ɗaya ba ta ja ba.

Ta tashi ta kwantar da gogen a gidansa, ta sassauta gashin bakan ta saka a mazauninsa. Mothusi yana ƙasa, ya kifa kai.

"Kwanda, ki zage ni," ya ce. "Don Allah ki zage ni. Ki mare ni."

"Ni na sauke bakan."

"Ni na danna!"

"To mu biyu ke nan, kamar kullum." Ta tsaya a kansa. Muryarta ba ta rawa, wannan ya fi komai ci min rai. "Ba ka sallame shi ba, Mothusi."

Ya girgiza kai.

"Faɗi mana. Ba a barin baƙo ya fita haka."

Ya ɗago kai. Da ya faɗa, da kyar aka ji. "A sauka lafiya."

"A gaida gida," in ji ta.

Ta rufe gidan gogen, ta saɓa shi a baya, ta fita. Na bi ta har bakin titi ina cewa ta tsaya ruwa zai sauko, ta ɗaga min hannu kawai ta nufi inda ake hawa tasi.

Yanzu tana koyar da yara karatun kiɗa a zauren cocin nan na Diepkloof, da baki da alli, gogen yana ƙarƙashin gadon mahaifiyarta. Mothusi ya koma shagon babansa. Kamfanin ƙasar wajen sun gaji da aiko saƙo sun daina. Wani lokaci mutane sukan tare ni a Braamfontein su ce, Sisi Dima, ke da kika yi aiki da Amazolo, ba ki da ko ɗan wani abu nasu da za ki kunna mana? Sai in ce babu.

Akwai, amma ba na kunna wa kowa. Da na koma garejin ranar, na tarar kwamfuta tana ta ɗauka. Dogon shiru ne, sai maganarsu, sai muryarsa yana cewa a sauka lafiya, sai tata tana cewa a gaida gida, sai ƙarar makullan gidan goge. Sautin ya fito tsaf, ko tsuwa babu, don makirfon nan na daidaita shi da kyau.